Rigar Sanyin Gidanmu da Labarin Masuntan Aran

 Shirinmu na yau na tarihi ne kamar yadda aka saba, sai dai daga ɗakin Goggona zan ɗauko shi. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa muku, akwai wata magana da na taɓa yi a gaban mutane wadda yau zan janye ta. Ku dai biyo ni a hankali.

A gidanmu a Zariya akwai wata rigar sanyi da ake saƙa wa duk jaririn da aka haifa. Da farin zaren ulu ake yin ta, mai ɗan ruwan madara. A gabanta akwai igiya biyu murɗaɗɗu, ɗaya dama ɗaya hagu, a tsakiyarsu kuma wani zane mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. A kowane hannu akwai igiya guda. Amma a hannun hagu, dab da wuyan hannu, igiyar tana murɗewa baibai sau ɗaya, sannan ta koma daidai. Babanmu ya sa irin rigar nan. Ni ma na sa, hotona yana nan. Mun taso muna jin ana cewa rigar gado ce, kaka da kakanni.

To ni kun san ni da son maganar al'ada. Akwai wani taron matasa da aka gayyace ni shekaru biyu da suka wuce, na ɗauki rigar na tafi da ita, na ɗaga ta sama na ce wannan zanen ya fi shekara 200 a zuriyarmu. Aka tafa min. Wallahi ban san inda na samo 200 ɗin nan ba. Daɗin baki ne kawai ya ɗebe ni.

Bara Yayata ta samu ciki, lissafi ya nuna cikin Disamba za ta haihu, tsakiyar hunturu. Duk gidan mutum ɗaya ta rage da ta iya saƙa rigar, ita ce Goggo, yayar babanmu. Ita kuma idonta ya yi rauni, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Babu inda aka rubuta yadda ake yin rigar, a kanta kawai yake. Sai na ce to ni zan koya. Na sayi zare da dogayen alluran saƙa guda biyu, na je na zauna gabanta.

Rana ta uku muna cikin aiki na ce, "Goggo, wai wannan zanen daga wace kakar tamu ya faro?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wace kaka kuma, 'yar nan? Ai Inna ce ta koyo shi a ajin mata, gab da a ba da mulkin kai. Wata Baturiya ce take koya musu, da wata 'yar takarda mai hoton jariri. Ni nake riƙe mata zaren, ina 'yar yarinya."

Jama'a, jikina ya yi sanyi. Shekara 200 ta dawo sittin da 'yan kai. Gadon kaka da kakanni ya dawo takardar Baturiya. Da na koma gida na ɗauki hoton rigar na sa a intanet don in ga asalin zanen. Nan take aka jero min ire-irensa, duk da suna ɗaya: Aran.

Aran wasu tsibirai ne guda uku a yammacin ƙasar Ayalan, a bakin mashigin ruwan Galway. Sunayensu da harshen mutanen wurin Inis Mór, Inis Meáin da Inis Oírr. Wuri ne na dutse da iska. Ƙasar noma ma haɗa ta suke yi da hannu, su kwaso yashi da ciyawar teku su shimfiɗa a kan dutse kafin su shuka dankali. Mazajensu masunta ne, suna shiga teku da ƙananan jirage marasa nauyi, kuma tekun ya ci da yawa daga cikinsu.

Ga labarin da za ka fara cin karo da shi in ka nemi tarihin rigar. Wai kowane dangi a tsibiran yana da nasa zanen, uwa ta koya wa 'ya, shekaru ɗaruruwa. Wai in teku ya ci mutum, bayan makonni ya turo gawarsa gaɓa fuska ta lalace, da zanen rigarsa ake gane ɗan gidan waye. Wai igiya tana nufin igiyar masunci, saƙar zuma tana nufin ƙwazon kudan zuma, zane mai kusurwa huɗu kuma 'yan gonakinsu ne da aka kewaye da dutse. Yau ma akwai shagunan da za ka ba su sunan danginku su sayar maka da rigar da suka ce zanen zuriyarku ce.

Gaskiya labarin ya taɓa ni. Har na fara rarrashin kaina, na ce to ko ba namu ba ne, ai gadon wasu ne mai daɗewa. Amma sau ɗaya aka yi min, ba zan yarda a yi na biyu ba. Na ci gaba da tono. Abin da na tarar shi ne, su ma mutanen Ayalan an ɗora musu tasu shekara 200 ɗin.

Bari mu ɗan koma baya tukuna, mu ga ita kanta saƙar allura biyu daga ina ta fito. Mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, saƙa. Da ta masaƙa mai zaren tsaye da na kwance, da ta kwarashi, da ta allura biyu, duk saƙa muke cewa. Ta masaƙa tsohuwa ce ƙwarai a duniya, har da nan ƙasar Hausa. Ta allura biyu kuwa yarinya ce a kanta. Tsofaffin kayan da aka samu na irin wannan saƙa daga Masar suke, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 14, zamanin daulolin Musulunci. Safa ce ta auduga, fari da shuɗi, da ado mai kyau. A Sifaniya kuma, a kabarin wani yarima mai suna Fernando de la Cerda da ya mutu a 1275, a gidan ibadar Las Huelgas kusa da birnin Burgos, an samu rigar matashi ta siliki da aka saƙa da allura. A jikinta akwai kalmar Larabci "baraka", wato albarka. Masana suna ganin Musulmin Andalus ne suka saƙa ta. Kun ga ke nan sana'ar tun fil azal yawo take yi, daga wannan hannu zuwa wancan.

To yaushe ta isa Aran da wannan siffa? Matan tsibiran sun daɗe suna saƙa safa. A 1891 gwamnatin Birtaniya, wadda ke mulkin Ayalan a lokacin, ta kafa wata hukuma mai suna Congested Districts Board don rage talauci a yammacin ƙasar. Cikin ayyukanta akwai bunƙasa kamun kifi. Wannan ya kawo masunta da mata masu gyaran kifi daga wasu yankuna, har da Sikotilan. Su kuma suna da tasu rigar aiki da ake kira gansey, mai duhun shuɗi, matsattsiyar saƙa, da ɗan ado a ƙirji. Daga nan matan Aran suka ɗauka. Suka yi amfani da nasu zaren mai kauri, farin ulu da ba a rina ba, wanda suke kira báinín, wanda ba a wanke masa maiƙon jikin tumaki duka ba don ya riƙa tare ruwa. Suka faɗaɗa adon ya cika rigar baki ɗaya. Akwai ma ruwayar baka da ke cewa wasu matan tsibirin sun je aiki Boston a Amurka a farkon ƙarni na 20, suka koyo wasu salo a wurin wata baƙuwa, suka dawo da su gida.

Kuma ga wani abu da ya burge ni. Farar rigar mai yawan ado, yara maza ake yi wa ita da farko, don ranar wani babban bikin coci da ake yi wa yaro in ya tasa. Uwa ce take son ɗanta ya fita fes a cikin sa'o'insa. Mata suna zuwa coci suna leƙen rigunan 'ya'yan maƙwabta, kowacce ta koma gida ta gwada, ta ƙara nata. Wato gasa ce irin ta iyaye mata, irin wadda muka sani a gidan suna.

To batun gane gawa fa? Akwai wani marubuci ɗan Ayalan, John Millington Synge, da ya riƙa zuwa tsibiran daga 1898. Ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 1907, ya siffanta suturarsu har da takalman ɗanyar fata da jan siket na mata, amma bai kawo zancen wata farar riga mai tambarin dangi ba. Ya kuma rubuta wasan kwaikwayo na dandamali mai suna Riders to the Sea, aka fara nuna shi a Dublin a 1904. A cikin wasan an kawo wa wasu 'yan mata biyu kayan wata gawa da teku ya turo, don su duba ko ɗan'uwansu ne. Ɗaya ta ɗauki safar ta ƙirga madaukan zaren, ta gane ita ta saƙa, domin ta tuna guda huɗu da ta saki. Ku lura da kyau: safa ce, kuma alamar hannun yarinya ɗaya ce ta tona. Masu binciken tarihin saƙa da dama suna ganin daga wannan wasan ne tatsuniyar gane gawa ta samo tushe.

Daga nan sai kasuwa ta shigo. A 1930 wata mata mai suna Muriel Gahan ta buɗe shago a Dublin, The Country Shop, don sayar da aikin hannun mutanen karkara. A tsakiyar shekarun 1930 ta fara sayo riguna daga matan Aran. A 1934 kuma fim ɗin Man of Aran na Robert Flaherty ya fito, duniya ta san da tsibiran. A 1936 wani mai sana'ar zare ɗan asalin Jamus, Heinz Kiewe, ya ga irin rigar a Dublin. Ya ga murɗaɗɗun igiyoyin sun yi masa kama da adon tsohon littafin nan na Kells, wanda aka rubuta wajen shekara ta 800. Shi ke nan sai ya yanke cewa zanen ya haura shekara dubu, kuma kowane salo yana da ma'ana ta addini. Ya zuba wannan tunani a littafinsa The Sacred History of Knitting a 1967. Ba shi da hujja ko ɗaya sai kama. Amma kun san labari mai daɗi ya fi gaskiya saurin tafiya.

A shekarun 1940 kamfanin zare na Patons ya buga takardar koyon saƙar Aran. Wannan ne ya fitar da zanen daga tsibiri ya shigar da shi gidajen mutane, duk inda ake sayar da zaren Ingila. A shekarun 1950 aka fara fitar da rigunan zuwa Amurka da yawa. A 1961 mawaƙan nan 'yan Ayalan, Clancy Brothers, suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan sanye da su. Mahaifiyarsu ce ta aiko musu saboda ta ji ana tsananin sanyi a Amurka. Daga ranar riga ta zama tambarin ƙasa. Har kwanan nan, waɗanda suka kalli fim ɗin Knives Out na 2019 za su tuna farar suwaitar Chris Evans da aka yi ta surutu a kanta. Jikar wancan salon ce.

Wanda ya zauna ya warware wannan ƙulli shi ne Richard Rutt, wani bishop a Ingila wanda shi kansa gwanin saƙa ne. A littafinsa A History of Hand Knitting na 1987 ya nuna rigar Aran 'yar ƙarni na 20 ce, kuma zancen zanen dangi ba shi da tushe. Tsofaffin rigunan da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na ƙasar Ayalan ma na wajen shekarun 1930 da 1940 ne.

Yanzu ga abin da ya tsaya min a rai, kuma shi ne dalilin shirin nan. Ku duba sunayen da na lissafa: marubuci, mai shago, mai fim, ɗan kasuwa, mawaƙa, bishop. Ina sunayen matan da suka zauna da fitila suka ƙirƙiro zanen? Da ka ce abu ya shekara dubu, ka shafe wadda ta yi shi. Ya zama ba aikin kowa ba ne, kamar daga sama ya faɗo. Matan nan kuwa mutane ne da aka san gidajensu, suna saƙa riga guda na tsawon makonni don su samu abin sayen gari da shayi. Tatsuniyar ta ƙara wa rigar tsada a kanti, ita kuma mai saƙar ta ɓace a cikinta.

Sai na ga ai abin da na yi wa kakata ke nan a wancan taro. Da na ce shekara 200, na ɗauka girmama gidanmu nake yi. Ashe Inna na goge. Mace ce da ba ta yi boko ba, ga goyo ga aikin gida, ta nemi izini ta riƙa zuwa aji, ta kalli takardar da ba ta iya karanta rubutunta ba, ta haddace lissafin da ka, ta riƙe shi har ta koya wa 'yarta. Na ɗauke wannan duka na ba wasu kakanni da ban ma san sunansu ba.

Na koma wurin Goggo na kwashe labarin Aran na faɗa mata. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To su ma ashe mata ne irinmu." Sai na tambaye ta batun hannun hagu, inda igiya take juyawa baibai. Domin na duba hotuna sun fi a ƙirga, ban ga mai irinsa ba.

Bari in ɗan yi muku bayanin yadda ake murɗa igiyar don ku gane amsarta. In kin zo wurin murɗawa, sai ki zare madaukai biyu ko uku daga allura ki ɗora su a kan wani ɗan tsinke na uku. Ki saƙa na gaba da su, sannan ki dawo ki saƙa waɗanda kika ajiye. In kin riƙe tsinken ta gaban aikin, igiya ta karkata hagu. In kin riƙe shi ta baya, ta karkata dama. Sirrin ke nan gaba ɗaya.

Goggo ta ce lokacin da Inna take saƙa ta farko tana da tsohon cikin babanmu. Tana kan hannun hagu naƙuda ta fara taɓa ta, ta riƙe tsinken ta baya maimakon ta gaba. Ba ta lura ba sai bayan an haihu, ga suna ya matso, babu lokacin warwarewa. Haka babanmu ya sa ta. Da aka zo yi wa na bayansa, Inna ta ce ba za ta bambanta 'ya'yanta ba, yadda ta yi wa wancan haka za ta yi wa wannan. Ta sake juya igiyar da gangan. Daga nan ya zauna.

Jama'a, na yi shiru na daɗe. Abin da nake ta nema a shekara 200, ga shi a layi ɗaya na hannun riga. Igiya da saƙar zuma na matan Aran ne, kuma sun cancanci a ambace su. Amma wannan juyin na Inna ne ita kaɗai. Ko a cikin riguna dubu aka jefa tamu, da shi zan gane ta, kamar yadda yarinyar cikin wasan Synge ta gane safar ɗan'uwanta.

Sati biyar na yi ina saƙa rigar. Na warware gabanta sau uku. Goggo ba ta gani sosai, da yatsa take bin layin, ta ce, "Nan kin tsallake ɗaya, koma." Kuma in na ƙirga sai in tarar haka ne. Duk abin da ta faɗa ina rubutawa a littafi: madauki nawa za a fara da shi, layi nawa kafin a murɗa, inda za a rage don wuya. Na kuma ɗauki muryarta a waya tana ba da labarin ajin, da yadda suke warware tsohuwar suwaita su sake amfani da zaren in babu kuɗin sabo. A saman shafin farko na rubuta cikakken sunan Inna, da na Goggo a ƙarƙashinsa, da inda zanen ya fito.

Yaya ta sauka lafiya, an samu mace. Ranar suna da safe ana hazo, aka sa mata rigar. Hannun ya ɗan yi mata tsawo, sai da aka naɗe. Goggo ta karɓe ta, ta lalubo hannun hagu, ta shafa wurin juyin da babban yatsa, ta ce, "Yauwa. Ta gidan ce."

Don haka ga gyarana. Waɗanda suka ji ni a wancan taro, ku yafe ni, rigar gidanmu ba ta kai shekara 200 ba. Kakata ce ta koyo ta a aji daga takardar da ta samo asali a wasu tsibirai na Ayalan, ta ƙara mata nata.

Ku ma ga aikin gida. Kowane gida akwai irin wannan abu: wani ɗinkin hula, wani zanen lalle, wata miya da ba a yin irinta sai a gidanku. Kafin ku hau Facebook ku rubuta "gadon kakanni", ku je ku zauna gaban tsohuwar da ta rage ku tambaye ta: wa ya fara, a ina ta koya, me ta canza? Wataƙila amsar ta rage muku shekaru, kamar yadda ta rage min. Amma za ta ba ku suna. Ku rubuta sunan tun mai faɗa muku tana da rai.

Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa Goggo lafiya, ya raya mana jaririyarmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.